Ta yaya za a zana rukunin shaguna ya saje da lambu da dandalin jama'a?

Ɗalibar Zane ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina karatun zanen gine-gine, kuma aikin da aka ba mu a wannan zango shi ne zana babban rukunin shaguna wanda zai haɗa kantuna da lambu da filin jama'a a wuri guda. Na duba hotunan gine-gine da dama da ake yabawa a wannan fanni, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a mafi yawansu tsirran sun fi kama da adon da aka yaɓa bayan an gama gini: tukwanen fure a bakin ƙofa, ciyawar roba a tsakar gini, sai 'yan bishiyoyi a wurin ajiye motoci waɗanda kwalta ta shaƙe su har wuya. Filin da ake cewa na jama'a ne kuwa, sau da yawa hanyar wucewa ce tsakanin wannan kanti da wancan, kuma mutum ba zai sami wurin zama ba sai ya sayi wani abu.

Ina neman shawararku a kan abu biyu. Daga ina mai zane zai fara idan yana son lambun ya zama ɓangare na ginin tun daga tushe? Sannan ta yaya za a gane cewa filin da ke cikin irin wannan wuri na jama'a ne da gaske, alhali ginin mallakar kamfani ne da ke neman riba? Zan yi farin ciki da misalai na gine-ginen da aka riga aka gina, domin malaminmu ba ya karɓar zanen da ba a kafa shi a kan hujja ba.

Mai Zanen Gini ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da kika lura da shi tsohuwar matsala ce, kuma tana da tarihin da ya kamata ki sani kafin ki ja layi ko ɗaya. Rukunin shaguna na farko da aka rufe ruf, aka sanya masa na'urorin sanyaya iska da ɗumama ta, shi ne Southdale da ke garin Edina a jihar Minnesota ta Amurka, wanda aka buɗe a 1956. Wanda ya zana shi, Victor Gruen, haifaffen birnin Viyana ne da ya yi hijira zuwa Amurka a 1938, kuma burinsa shi ne ya samar wa unguwannin bayan gari irin dandalin da ya saba gani a biranen Turai, inda mutane ke haɗuwa su zauna su yi hira. Saboda haka ya sa wa ginin babbar tsakar gida mai bishiyoyi da tafkin kifi da kejin tsuntsaye, kuma a tsarinsa na asali akwai gidajen zama da makarantu da wurin shaƙatawa a kewaye. Masu zuba jari suka ɗauki akwatin shagunan da makeken filin ajiye motoci, suka watsar da yawancin sauran, kuma wannan ragaggen tsari ne aka yi ta kwaikwaya a sassan duniya. A 1978 Gruen da kansa, a wani jawabi da ya yi a Landan, ya nesanta kansa daga abin da aka mayar da tunaninsa.

Abin lura a nan shi ne Southdale yana da lambu tun ranar farko, amma lambun yana cikin gini mai bangaye marasa taga, ginin kuma yana tsakiyar kwalta, don haka babu abin da ya haɗa shi da garin. Ki kwatanta shi da Namba Parks a birnin Osaka na Japan, wanda kamfanin Jon Jerde ya zana, aka buɗe kashinsa na farko a 2003 a filin tsohon dandalin wasanni da aka rushe, daf da tashar jirgin ƙasa ta Namba. A can lambun yana farawa ne daga bakin titi, ya riƙa hawa bene bayan bene a kan rufin shagunan har hawa takwas, ta yadda mai tafiya a ƙafa zai iya shiga ya haura cikin bishiyoyi ba tare da ya ratsa ta cikin kanti ba. Shagunan suna ƙarƙashin lambun da gefensa, kuma an tsaga ginin da wata buɗaɗɗiyar hanya mai lanƙwasa wadda haske da iska ke sauka ta cikinta. Da za a cire lambun, da siffar ginin gaba ɗaya ta rasa dalili, kuma a ganina wannan shi ne ma'aunin da za ki auna zanenki da shi.

Shawarata ita ce kada takardarki ta farko ta ƙunshi kanti ko ɗaya. Ki zana hanyoyin da mutane ke bi a ƙafa a kewayen filin, daga tasha zuwa gidaje, daga makaranta zuwa babban titi, ki nuna inda rana ke faɗuwa da inda iska ke fitowa, da gangaren da ruwan sama ke bi, da kowace babbar bishiya da aka tarar a wurin. Bishiyar da ta shekara talatin ta fi duk abin da za ki dasa daraja, kuma sau da yawa ita ce ake fara sarewa domin sauƙin aikin manyan motoci. Idan kin tsayar da waɗannan, sai ki jera shagunan a gefen hanyoyin da mutane za su bi ko da babu shagunan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ba a sa a wannan mataki ba, da wuya ya shiga daga baya.

Injiniyan Gini ya amsa:

Ina goyon bayan Malam a kan farawa da wuri, kuma ina so in faɗi dalilin da ya shafi aikinmu, wato nauyi. Jiƙaƙƙiyar ƙasa mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya takan kai tan ɗaya da rabi zuwa tan biyu. Rufin da aka shimfiɗa wa ƙasa mai kaurin santimita 10 zuwa 15 zai ɗauki ƙananan tsirrai masu jure fari ne kawai, amma bishiyar da za ta ba mutum inuwa tana bukatar zurfin kimanin mita ɗaya, da isasshen faɗi domin saiwoyinta su yaɗu. Wannan yana nufin ƙarin rodi da kankare a rufin, da ginshiƙai masu kauri, da tushe mai ƙarfi. Shi ya sa muke roƙon masu zane su ɗora manyan bishiyoyi daidai kan ginshiƙai, su bar tsakiyar rufi ga ciyawa da ƙananan tsirrai. Idan aka zo mana da maganar lambu bayan an gama lissafin ginin, amsar da za mu bayar ita ce tukwane, kuma daga nan ne irin adon da kika gani ya samo asali.

Tsakanin kankare da ƙasa akwai shimfiɗu da ba a ganinsu amma su ne rayuwar aikin. Ana fara shafa ko shimfiɗa abin hana ruwa shiga, a ɗora takardar da ke tare saiwa, sannan shimfiɗar da ke tafiyar da ruwa zuwa magudana, sai ƙyallen tacewa da ke hana laka toshe ta, kafin a zuba ƙasar, wadda ake gauraya ta da duwatsu marasa nauyi. Kafin a zuba ƙasa ana toshe magudanun, a cika rufin da ruwa na kwana ɗaya ko biyu, a shiga ƙasa a duba ko akwai ɗigo. Wanda ya tsallake wannan gwaji zai gane kuskurensa ranar da ruwa ya fara ɗiga a kan hajar ɗan kasuwa, a lokacin da gyara ke nufin tone lambun gaba ɗaya. Haka kuma iska ta fi ƙarfi a saman gini, saboda haka ana ɗaure gindin sabuwar bishiya da igiyoyi a ƙarƙashin ƙasa har sai ta kama.

Kada ki manta da ruwan ban-ruwa. Babban gini yana da rufi mai faɗi da za a iya tara ruwan samansa a tanki, kuma na'urorin sanyaya iska suna zubar da ruwa mai yawa kowace rana, wanda galibi ake barin sa ya bi magudana. Idan aka tara waɗannan aka haɗa su da bututun ɗigo, aka kuma zaɓi tsirran da suka saba da yanayin wurin, lambun zai rayu ba tare da ya yi gasa da jama'ar gari a kan ruwan sha ba.

Game da misali, ki duba ginin Eastgate a birnin Harare na Zimbabuwe, wanda Mick Pearce ya zana aka buɗe a 1996. Shaguna ne da ofisoshi, gine-gine biyu da aka haɗa da wata doguwar tsakar gida mai rufin gilashi, kuma an ɗauki dabarar sanyaya shi daga yadda iska ke zagayawa a cikin shurin gara. Da dare fankoki suna jawo iska mai sanyi ta ratsa ramukan da ke cikin kankaren benaye, kankaren ya riƙe sanyin, da rana kuma iska mai zafi ta tashi ta fita ta bututun da ke kan rufi. Sai dai Harare tana kan tudu, darenta yana da sanyi, don haka dabarar ba za ta yi aiki iri ɗaya a wurin da dare ke da zafi da laima ba. Ki ɗauki tunanin, ki bar siffar.

Manajan Kadarori ya amsa:

Ku yi mini afuwa, zan kawo ɓangaren da ba a cika son ji ba. Duk mitar da aka ba lambu mita ce da ba ta kawo kuɗin haya, kuma tana cin kuɗi kowane wata: mai kula da lambu, shara, sassabe, maganin ƙwari, gyaran bututu, da wanke kashin tsuntsaye daga kan benci. 'Yan kasuwa masu haya suna da nasu ƙorafin, domin ba sa son reshe ya rufe allon sunan kanti, kuma suna son mai wucewa ya hango kayansu daga nesa. Na ga lambuna masu kyau a ranar buɗewa waɗanda suka bushe bayan shekara biyu, saboda an ware kuɗin dasawa ba a ware na reno ba, kuma bushasshen lambu ya fi rashin lambu muni ga wuri.

Ana yawan kawo misalin Jewel da ke filin jirgin saman Changi a Singafo, wanda Moshe Safdie ya zana aka buɗe a 2019, mai ruwa da ke zubowa daga rufi tsawon mita 40 da bishiyoyi fiye da 2,000. Abin sha'awa ne ƙwarai, amma daji ne a ƙarƙashin gilashi da ake sanyaya shi da na'ura, kuma filin jirgin sama mai miliyoyin matafiya ne ke ɗauke da nauyinsa. Ba kowane mai gini ne zai iya wannan ba. Ban ce kada a yi lambu ba, domin na yarda cewa wurin da mutum ya ji daɗin zama zai daɗe a cikinsa, wanda ya daɗe kuma zai saya. Abin da nake so ɗalibarmu ta haɗa da zanenta shi ne bayanin wanda zai kula da lambun, da inda zai ajiye kayan aikinsa, da hanyar da zai bi ya fitar da busasshen ganye daga hawa na biyar ba tare da ya ratsa tsakiyar masu sayayya ba. Matsalar allon suna kuma tana da sauƙi idan aka zaɓi bishiyoyi masu dogon gindi, aka riƙa sassabe rassan ƙasa har tsawon mita uku.

Mai Tsara Birane ta amsa:

Ni zan tsaya a kan tambaya ta biyu, domin ita ce ta fi damuna. Birnin New York ya gwada wannan haɗi na kamfani da jama'a tun 1961, lokacin da dokar tsara gari ta ba masu gini damar ƙara benaye idan suka bar fili a buɗe ga jama'a a gindin gininsu. An samu ɗaruruwan filaye ta wannan hanya, amma da yawansu sun zama fanko, domin masu ginin sun karɓi ƙarin benayen suka bar dandali mara wurin zama, wasu ma suka dasa ƙarafa masu tsini a kan duk wani dakali. Wani mai nazarin birane, William Whyte, ya shafe shekaru yana ɗaukar hoton yadda mutane ke amfani da waɗannan wurare, ya gano cewa abin da ya fi tara jama'a shi ne yawan wurin zama, sai inuwa da hasken rana gwargwadon lokaci, da kusanci da titi. Bincikensa ya sa aka gyara dokar a 1975, aka wajabta wurin zama da bishiyoyi daidai da girman fili.

Sai batun mallaka. Liverpool ONE a Ingila, wanda aka buɗe a 2008 a kan fili mai kimanin eka 42, buɗaɗɗun tituna ne da suka haɗu da tsofaffin titunan birnin, ba su da ƙofar da ake rufewa, kuma ta fuskar zane abin koyi ne. Amma hukumar birnin ta ba kamfani hayar filin ta shekara 250, kamfanin ne ke da masu gadi kuma shi ke tsara abin da aka yarda a yi a wurin, abin da ya jawo muhawara mai tsawo a ƙasar. A Amurka har gaban Kotun Ƙoli aka je a 1980, a shari'ar Pruneyard, bayan masu gadin wani rukunin shaguna mai wannan suna a Kalifoniya sun hana wasu ɗalibai tattara sa hannun jama'a a kan wata takardar koke. Kotun ta ce jiha tana da ikon kare irin wannan 'yanci a cikin rukunin shaguna, amma jihohi kaɗan ne suka bi wannan hanya.

Saboda haka, 'yar'uwa, ki gwada zanenki da mutumin da bai zo sayen komai ba. Ki ɗauki tsohuwar da ta gaji da tafiya, ko uba da yara biyu, ki bi su a kan takardarki. Za su iya shiga daga titi ba tare da hawa matakala ko tsayawa gaban mai gadi ba? Akwai benci mai majingina a inuwa wanda ba na gidan cin abinci ba ne? Akwai famfon ruwan sha da bayan gida kyauta, kuma mai keken guragu zai kai gare su ta hanyar da kowa ke bi? Idan shaguna sun rufe da dare, hanyar tana nan a buɗe da fitilu? Abin da zane ba zai iya tabbatarwa ba, sai a rubuta shi a cikin sharuɗɗan izinin gini, a kuma kafa allo a bakin filin da ke bayyana cewa na kowa ne da lokutan da yake buɗe. Ga Malam Manaja kuma, hukuma tana da hanyar rage masa nauyi: tun 2009 Singafo take da tsarin da ke wajabta wa sababbin gine-gine a wasu sassan birnin su mayar da koren filin da suka cinye a kan rufi da baranda, tare da rangwame ga masu yin haka, Toronto ta Kanada kuma ta kafa dokar lambun rufi a wannan shekarar. Idan doka ta hau kan kowa, wanda ya dasa ba zai ji cewa maƙwabcinsa ya fi shi wayo ba.

Ɗalibar Zane ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma kan zanena da waɗannan tambayoyi, sai na ga cewa abin da ke raba lambuna da titi shi ne wurin ajiye motoci, wanda ya cinye kusan rabin filin. Ba zan iya cire shi ba domin sharuɗɗan aikin sun ƙayyade yawan motocin. Yaya zan yi da shi?

Mai Zanen Gini ya sake amsawa:

Wannan ba abin mamaki ba ne, domin kowace mota tana cin kimanin murabba'in mita 25 zuwa 30 idan aka haɗa da hanyar shiga da juyawa, don haka motoci 400 kaɗai sun isa su cinye hekta guda. Abu mafi muhimmanci shi ne kada ki bar su tsakanin titi da ƙofar ginin. Ki matso da ginin da lambun bakin titi, ki mayar da motocin baya, ko ki jera su a bene, ko ki binne su. A Liverpool ONE da Malama ta ambata, lambun Chavasse mai kimanin eka biyar yana zaune ne a kan wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa, kuma a nan duk lissafin nauyi da Injiniya ya yi bayani zai dawo.

Idan kuɗin aikin bai kai ga haka ba, sai ki gyara filin da kansa. Ki yi amfani da bulon daɓe mai barin ruwa ya nutse a inda motoci ke tsayawa, ki bar kwalta ga hanyoyin wucewa kawai. Maimakon ramin bishiya ɗaya-ɗaya mai faɗin taku biyu, ki ja dogon kwari mai ƙasa tsakanin layukan motoci, ki sa shi ya ɗan yi ƙasa da daɓen, ki bar giɓi a jikin dakalin gefensa domin ruwan sama ya gangara ciki. Bishiyoyin za su sha, saiwoyinsu za su sami sarari, magudanar gari kuma za ta huta. Faransa ta kafa doka a 2023 da ta wajabta wa manyan filayen ajiye motoci, masu girman fiye da murabba'in mita 1,500, su rufe aƙalla rabinsu da rumfunan faifan samar da lantarki daga hasken rana, kuma kina iya haɗa rumfunan da layukan bishiya matuƙar kin lura kada inuwar ta faɗa kan faifan. Daga bakin titi zuwa ƙofa kuma ki ja hanyar ƙafa guda mai faɗi, mai inuwa daga farko har ƙarshe, wadda aka ɗaga ta sama da daɓen motoci ta yadda direba ne zai rage gudu idan ya zo tsallaka ta. Idan za ki yi benen motoci, ki sa benayen su zama shimfiɗaɗɗu masu tsayin rufi kamar na shago, domin a iya mayar da su wani abu idan bukatar motocin ta ragu.